Kawu Yana Kujerar Gefe

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun karɓe lasisina.

Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai fara gyara labarin ba. Bakwai da kwata na safe na fito daga harabar kamfaninmu na wanki da buhu arba'in na zanen gado da tawul, zan sauke a otal uku. Kawu yana kujerar gefe. Kawun matata ne, tela, shi ya nemo min aikin nan shekara shida da suka wuce, shi ya tarye ni ranar da na sauka ƙasar nan, da rigar sanyi a hannunsa. Likitan ido zai gani ƙarfe takwas, asibitin kuma a kan hanyata yake.

Bayan gada 'yan sanda sun sa shinge suna tsayar da kowace mota ta uku. Ni ne na uku. Wata 'yar sanda ce, gajeruwa, mai tabarau. Ta gaishe ni, ta duba takardu, ta ɓare sabon bututu daga leda a gaban idona, ta ɗora a kan wata na'ura, ta ce in hura har sai na ji ƙara.

Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni.

"Me take nema? Barasa? Kai za a gwada da barasa? Kar ka hura. Na ce kar ka hura. Gaya mata ko kai wane ne."

Na dubi na'urar. Fuskarta cikin mota take kallo, lambobinta manya ne, ko mai ciwon ido zai karanta.

Na ce mata ba na hurawa.

Sau uku ta yi min bayani, ba tsawa. Ta ce a dokar nan duk wanda ya karɓi lasisi ya riga ya yarda a gwada shi. Ƙin gwaji laifi ne mai zaman kansa, shekara guda ba tuƙi, ko da ruwan famfo ne kawai a cikinka. Ta ce in bututun ne ba na so, mu je caji ofis a ɗebi jini. Ta ce in ina son tafinta za ta kira a waya. Na ce na ji. Ta ce na fahimta? Na ce na fahimta. Na sa hannu.

Ta ba ni takarda mai ruwan ɗorawa: ina da kwana goma in nemi a saurari ƙorafina. Manaja ya aiko wani direba ya ɗauki motar. Kawu bai ga likita ba.

Talata, 5 ga wata, da hantsi

Manaja bai ce in zauna ba. Ya ce zai riƙe min layina na kai kaya har a yi zaman sauraro. In aka tabbatar da shekara guda, ba shi da abin da zai yi da direban da ba ya tuƙi. Ya san takardar izinin zamana a ƙasar a kan aikin nan take rataye, na san ya sani, ba wanda ya ambata.

Ya tambaye ni, "Me ya hana ka hurawa? Daƙiƙa biyar fa."

Na ce ba komai.

Bai yi min rashin adalci ba. Ni ma da haka zan yi.

Laraba, 6 ga wata, bayan azahar

Ban fita ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Kawu ya baza labari. Duk wanda ya kai masa ɗinki sai ya ji yadda sirikinsa ya tsaya gaban hukuma ya ƙi a ci mutuncinsa. Yau mutum huɗu suka zo min jaje, ɗaya har da lemo. Wani dattijo da ban san sunansa ba ya riƙe hannuna ya ce irina ne ke ɗaga kan mutanenmu a ƙasar mutane. Ɗakin namu kujera biyu ne, sauran a bakin gado suka zauna, ƙafar ɗayansu tana taɓa ƙofar kabad ɗin ƙasa. Idona yana kan ƙafar har suka tashi.

Da suka tafi Dogo ya fito daga banɗaki. Mai walda ne, shekara uku muna ɗaki ɗaya, ba abin da bai gani ba. Ya durƙusa a gabana.

"Allah gafarta waliyyi. A tofa min a kafaɗa, tun safe take ciwo."

Na ce ya tashi kar in make shi.

"A'a, ai yanzu ka fi ƙarfin duka. Gobe zan sa akwati a ƙofa, masu ziyara su riƙa ajiye takalma."

Na yi dariya. Rabona da dariya tun Lahadi. Sai ya daina, ya nuna kabad ɗin da haɓa, ya ce, "In zubar?"

Na ce ya bar ta.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe huɗu

Ofishin lauyoyin kyauta yana saman wani kantin magani, matakala ashirin da biyu, na ƙirga. Lauyan ya fi ni gajiya. Ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya ce abin da zan gaya masa ba ya fita ɗakin nan, doka ce ta hana shi. Sannan ya tambaya: me na sha ranar Lahadi, nawa, ƙarfe nawa na daina.

Na gaya masa. Ba zan rubuta ba.

Ya tambayi nauyina, ya yi lissafi a bayan ambulan, ya juyo min da shi.

"Ba ni da tabbas, jikin kowa da yadda yake. Amma da ka hura, mai yiwuwa da ka tsira, lambar ba ta kai wadda doka ta hana ba. Ƙasa da iyaka."

Na ce, "Sifiri?"

Ya ce, "Ba sifiri ba. Ƙasa da iyaka."

Na ce to ai shi ke nan.

Bai gane ba. Ya ce me ya hana ni bin 'yar sandan a ɗebi jini, can ba mai kallo? Na ce tsohon yana riƙe da hannun rigata yana cewa ba inda zan je. Ya dube ni kamar wanda ya zo da wata sabuwar cuta. A wajensa akwai iyaka, akwai ƙasa da ita, akwai sama da ita. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa a kujerar gefe ba a san iyaka ba, ko sifiri ko ba sifiri ba? Ni da ko tuffa ban taɓa ci a gaban mutumin nan ba.

Ya cike takardar neman sauraro. Ya ce tambaya uku kawai za a yi. An tsayar da ni bisa ƙa'ida? An gaya min abin da ƙin zai jawo, da harshen da nake ji? Na ƙi? In ɗaya ta rushe, lasisi ya dawo.

"Ka fahimci abin da ta ce?"

Na ce sarai.

Ya rufe fayil.

Asabar, 9 ga wata, da safe

Ban taɓa ta ba. Kwalbar tana nan bayan gwangwanin sukari.

Lahadi, 10 ga wata, bayan la'asar

Uwar yara ta kira. Kawu ya riga ni. Ta ce duk gidan an ji, har yayarta ta yi kuka. Ta ce, "Ni ban ma tsaya tambaya ba, na san wanda na aura." Auta ta karɓi wayar ta ce an ce 'yan sanda sun ji tsorona, gaskiya ne?

Na ce layin ba kyau.

Layin lafiyarsa lau.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na hau bas ba don zan je ko'ina ba. Shekara shida ina bin titunan nan ban taɓa ganin saman gine-ginen ba. Direban yana taka birki kamar yana kashe kyankyaso.

Mun bi ta gaban makarantar da nake wucewa kullum bakwai da rabi. Matar nan mai riga mai ƙyalli tana tsallakar da yara. Na san wurin, nakan rage gudu tun daga kantin taya. Amma ran Litinin ɗin can da ba su tsayar da ni ba, da na iso nan da buhu arba'in a bayana da abin da ba sifiri ba a jinina. Ƙasa da iyaka, in ji lauya. Mai yiwuwa, in ji shi.

Kwana takwas ina neman laifin matar nan mai tabarau. Ban samu ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyu

Takarda ta zo. Zaman sauraro ran Alhamis 28, ƙarfe goma.

Kawu ya aika a kira ni shago. Ya kashe keken ɗinki, abin da ba ya yi wa kowa. Wani mai kawo masa wando ya ba shi dabara: in ce ban ji bayanin ba, harshensu ya fi ƙarfina, ƙarar motoci ta yi yawa. Shi kuma zai tsaya shaida cewa matar ba ta yi bayani ba, tsawa kawai ta yi.

Na ce, "Kawu, rantsuwa fa ake sa mutum."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ba yau aka haife ni ba."

Na ce, "Ta yi bayani."

Ya ce, "Ni ban ji ba. Ina jin harshensu ne? Abin da ban ji ba zan faɗa."

Yana magana yana neman ramin allura, zaren yana wucewa ta gefe. Sau biyar. Na karɓa na zura masa. An ɗaga ganin likitan nasa zuwa wata mai zuwa.

Juma'a, 15 ga wata

Ban taɓa ta ba.

Asabar, 16 ga wata

Na taɓa.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matakala ashirin da biyu. Na gaya wa lauya dabarar Kawu. Ya ce shi ba zai tsaya a bayan maganar da ya san ba haka take ba, amma ba zai iya ɗaure min baki ba. Ya ce maganar gaskiya, irin wannan dabarar takan yi aiki. Na'urar ɗaukar hoton da ke ƙirjin 'yar sandan takan kama iska da ƙarar tayoyi fiye da magana, kuma dattijo mai furfura in ya rantse ana saurarensa. In ta yi aiki, lasisi ya dawo ranar. Ita kuma a rubuta mata a fayil cewa ta tauye wa baƙo hakkinsa.

Sai ya ce akwai wata ƙofa. In amsa cewa na ƙi, in roƙi lasisin aiki. Wata uku ba tuƙi ko kaɗan, sannan wata tara da na'ura a jikin mota, sai ka hura take tashi. Da aji sau ɗaya a mako, da ganin ma'aikacin lafiya. Amma wannan ƙofa ta masu sha ce da suka yarda suna sha. Za a tambaye ni a zaman, a rubuta.

"Tsohon zai iya jira a waje," in ji shi.

Bai san Kawu ba.

Laraba, 20 ga wata, da rana

Dogo yana cin abinci a tsaye kamar kullum. Ya ce in bi dabarar tsoho in huta.

"Kai kaɗai ne mai gaskiya a garin nan? Su da kansu ƙarya nawa suke mana a rana? Wanda ya ba mu hayar ɗakin nan ya ce yana da taga."

Na ce akwai taga.

Ya ce, "Tana kallon bango. Bango ɗaya ne a ciki, ɗaya a waje."

Yana da gaskiya a kan tagar. Yana da gaskiya a kan sauran ma. Shekara shida ba wanda ya kira sunana daidai a kamfanin nan. A otal ta ƙofar shara nake shiga. In na yi sallama da harshensu sai su amsa da ƙarfi da sannu-sannu kamar kurma suke wa magana. Ba na bin ƙasar nan da soyayya, ita ma ba ta bi na da ita.

Sai dai 'yar sandan nan ita kaɗai ce a cikinsu ta tambaye ni ko na fahimta, kuma ta tsaya ta ji amsa.

Juma'a, 22 ga wata, bayan la'asar

Na je wajen Manaja na tambaye shi, in wata uku ne ba shekara ba fa? Ya daɗe yana kallon allon layuka. Ya ce ɗakin ninki kullum yana neman hannu, tsayuwa ce ta awa takwas, matan can ba sa raga wa kowa. Na'urar kuma sai ya tambayi na sama da shi ko za su yarda a sa a motar kamfani.

Ya ce, "Ashe kana sha."

Na ce e.

Shi ne karo na farko da na faɗa a tsaye. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da rubutu. Ko a jikinsa. Abin da na ɓoye shekara huɗu bai kai ya ajiye biro ba.

Lahadi, 24 ga wata

Kawu ya ɗinka sabuwar riga don zaman. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ban gaya masa ba.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na goge takalmi. Ban yanke ba tukuna. Ƙarya nake, na yanke tun ran Juma'a, tsoro ne kawai.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe uku

Ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, tulun ruwa na roba, agogon bango da ya yi gaba da minti biyar. Mai sauraron ƙorafin farin kai gare shi, mura tana damunsa. 'Yar sandan tana can gefe da hularta a cinya. An kawo wa Kawu tafinta tunda an rubuta shi a shaida, wani bawan Allah mai gemu, yana zaune dab da kunnensa yana mayar masa da komai.

'Yar sandan ta faɗi nata, daidai da yadda na rubuta a nan ran 4 ga wata, ba ƙari. Sai aka juyo kaina. An yi maka gargaɗi? Ka fahimta?

Kawu ya gyara zama, ya taɓa ni da gwiwa.

Na ce an yi min sau uku, na fahimta, na ƙi. Na ce ba na buƙatar shaida.

Lauya ya miƙa takardar roƙon lasisin aiki. Mai sauraron ya share hanci, ya karanta, ya tambaya ba tare da ya ɗago ba: kana shan barasa? Tun yaushe? Ka sha a daren da ya gabaci ranar?

Na amsa duka ukun da harshensu. Tafintan bai mayar wa Kawu ba. Ya dube ni ta saman kan Kawu. Ɗan'uwa ne, ya san abin da ke cikin maganar, yana jira in girgiza kai ya haɗiye ta. Kawu yana cewa, "Me ya ce? Malam, me yaron ya ce?"

Na ce wa tafintan, "Faɗa masa duka."

Ya faɗa. Ban juya ba. Agogon nake kallo.

Za a aiko da hukunci a rubuce. Da za mu fita 'yar sandan ta riƙe wa Kawu ƙofa.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe shida

A tashar bas muka tsaya, ni a wannan ƙarshen benci, shi a wancan. Bas biyu suka wuce ba mu hau ba. Na fara cewa, "Kawu, ka yafe..." ya ɗaga hannu.

"Tun bara na sani. Ranar da ka hau min da keken ɗinki sama kana haki a fuskata. Idona ne ya lalace, hancina lafiyarsa ƙalau."

Da ƙyar na ce, to me ya sa ya ce kar in hura?

"Ina gefenka fa. In lamba ta fito dole in gani. In na gani dole in yi magana. In na yi magana dole 'yata ta ji. Na ce bari in yi ihu a wuce wurin." Ya murza idonsa mai ciwon. "Na ɗauka faɗa za su yi maka su sake ka. Wa ya san shekara ce? Da na ji shekara ce na rasa inda zan sa kaina, shi ne na yi ta surutu a shago. Mako biyu ina neman yadda zan rantse ban yi ƙarya ba. Ban samu ba. Da na rantse hakanan."

Na ce ni ma don shi na ƙi.

Ya ce, "To ka ga wawaye biyu a mota ɗaya."

Bas na uku ya zo. Ya kama hannuna don hawa matakalar, bai sake ba har ya zauna. Kafin ya sauka ya ce, "Matarka kuma kai za ka gaya mata. Ni na gama yi maka ƙarya, tsufa ya kama ni."

Lahadi, 1 ga sabon wata, bayan la'asar

Na gaya mata. Ina jin ruwa yana zuba a bokiti a wajenta. Ta tambaya ko yaran za su ji. Na ce sai abin da ta gani. Ta ce za ta kira.

Ba ta kira ba tukuna.

Laraba, 4 ga wata, da azahar

Takarda ta zo. An ba ni lasisin aikin. Wata uku daga ranar da aka tsayar da ni, sannan na'ura. Aji ran Asabar, ƙarfe goma, a bayan asibiti. Na sama da Manaja sun yarda, da sharaɗin ko sau ɗaya motar ta ƙi tashi, na tafi.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin ninki. Zafi, tururi, mata tara da ni. Shugabarsu ta warware tawul talatin da na ninke ta ce in sake. Kashi uku ake yi, bakin yana ciki. Shekara shida ina ɗaukarsu ban taɓa buɗe buhu na duba ba.

Teburina yana fuskantar harabar. Bakwai da kwata wanda aka ba layina ya shiga motar, ya ja kujera gaba, ya gyara madubi. Na tsaya da tawul a hannu ina jira ya gogi ginshiƙin ƙofar fita, ni sai da na yi wata biyu ina gogarsa kafin in iya kwanar.

Ya wuce sumul. Ya iya tuƙi.

Shugabar ta buga tebur ta ce ba kallo aka kawo ni ba. Ƙafafuna sun kumbura. Saura wata biyu.